Ƙibar 'Ya'yanmu 'Yan Makaranta: Abin da Ke Hannunmu Mu Iyaye Mata

Jawabin da ɗaya daga cikin mambobinmu, mai sayar da yadi da kayan makaranta, ta gabatar a ranar bikin zagayowar kafa ƙungiya



Hajiya Shugaba, uwar ƙungiya, Allah ya ƙara girma. Ma'aji da Sakatariya, sannunku da ɗawainiya. Iyayenmu da ke zaune a gaba, ina gaishe ku da ladabi. Yayyena da ƙannena mambobi, barkanmu da ganin wannan rana. Mazajenmu da suka bar harkokinsu suka zo taya mu murna, mun gode, Allah ya bar zumunci. Ku kuma 'ya'yanmu da ke can baya kuna ta hira, ku ɗan ara mini kunnuwanku, don yau maganar taku ce.

Lissafin riba da adashe da rance, Ma'aji za ta kawo shi a bayana. Ni abin da na roƙi kwamitin biki ya ba ni dama in yi magana a kai shi ne ƙibar da ke yi wa 'ya'yanmu 'yan sakandare yawa, da yadda take taɓa rayuwarsu da karatunsu. Takardar nan da hannuna na rubuta ta, albarkacin ajin yaƙi da jahilci na yamma. Idan kun ji na ɗan tsaya, to layi nake nema, ku yi mini haƙuri.

Maganata guda ɗaya ce, sauran duk bayani ne. Yaron da ƙiba ta yi wa yawa kaya biyu yake ɗauke da su: nauyin jikinsa, da nauyin bakinmu. Na bakinmu yau ɗin nan za mu iya sauke masa, ko kwabo ba za mu kashe ba. Na jikin kuwa sai a hankali, kuma sai gida gaba ɗaya ya sa hannu.

Kun san sana'ata. Duk watan Satumba, idan za a koma sabuwar shekarar karatu, rumfata cika take da iyaye da yara. Ni ce mai tef, ni ce mai almakashi. To mai awo tana ganin abin da wasu ba sa gani. Yarinya mai jiki idan aka zo da ita, tun daga nesa nake gane ta, ba don girman jikin ba, don yadda take tafiya a bayan uwarta, kai a ƙasa, hijabi har ƙasa ko da rana na dukan ƙwaƙwalwa. In na ɗauko tef sai ta shanye numfashi ta matse ciki, wai ko awon zai ragu. Uwar kuma, a gaban jama'a, sai ta ce, "Kin gani ko? Ke kaɗai kin cinye yadin mutum biyu." Maƙwabtan rumfa su yi dariya, uwar ma ta yi dariya, yarinyar ta yi yaƙe. Ni da nake tsugune kusa da ita ina awo, ni ke ganin idonta ya kawo ruwa. Labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan ba sau ɗaya ba ne, ba sau goma ba, kuma iyayen nan ba mugaye ba ne. Son 'ya'yansu suke yi, kuɗin yadin ne ya yi musu zafi, kuma suna zaton gori zai sa yarinya ta rage ci.

Kafin in yi nisa, bari in faɗi gaskiyar da kowa ya sani. Mu mun taso muna ganin ƙiba alamar hutu ce. Amarya ta yi wata uku a ɗakinta ta cika, sai a ce ta samu wuri, miji ya iya riƙo. Jariri ya yi ɓul-ɓul, kowa na son ɗauka. Wanda ya rame kuwa, tambayar farko ita ce, "Lafiya dai?" Kuma muna da dalili, don mun san yunwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, ba su kai tsawon shekarunsu ba, kuma abin ya fi yawa a nan Arewa. Saboda haka idan aka ce ƙiba matsala ce, wata za ta ce, "A samu abincin ma tukuna." Ban ƙi ta taki ba, Yaya. Amma abubuwan biyu yanzu tare suke zaune da mu. A unguwa ɗaya, wani lokacin ma a gida ɗaya, za ki ga yaro mai tamowa ga kuma wanda nauyi ya yi wa yawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022, yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 fiye da miliyan 390 ne nauyinsu ya wuce ƙima a duniya, kuma miliyan 160 daga cikinsu ƙibar ta kai matsayin cuta. A 1990 kashi 8 ne cikin 100, a 2022 ya kai kashi 20. Mu 'yan kasuwa mun iya lissafi: a yara 5, ɗaya ke nan. Da ana cewa ciwon Turawa ne da masu kuɗi. Yanzu ya shigo garuruwanmu.

Sai dai a kula, ba ido ke yanke hukunci ba. Yarinya idan ta fara balaga dole jikinta ya canza, ƙirji ya fito, ƙugu ya buɗe, ta ɗan ƙara nama. Wannan halitta ce, ba cuta ba. Wasu kuma gidansu masu ƙashi ne, haka iyaye da kakanni suke. Ma'aikatan lafiya su ne ke auna nauyi da tsawo, su haɗa da shekarun yaro, su duba ko namiji ne ko mace, sannan su ce ya wuce ko bai wuce ba. Ana yin wannan a ƙaramin asibitin unguwa, ba ya ɗaukar lokaci.

To yanzu mu zo kan yadda abin ke taɓa rayuwar ɗalibi. Zan fara da jiki.

Yaro mai nauyi da yawa yana saurin haki. Ajinsa in a sama yake, kafin ya hau bene ya jiƙe da gumi. Gwiwa da ƙafa da baya suna masa ciwo tun yana ɗan shekara 14, ciwon da mu sai yanzu muke kuka da shi. Lokacin bazara, watan Maris da Afrilu, da zafi ke kaiwa digiri 40, shi wahalarsa ninki ce: ƙurajen zafi, gogar cinya har ta yi ciwo, ga kayan makaranta sun matse.

Sai barci. Wasu daga cikin yaran nan suna minshari mai ƙarfi, numfashinsu na sarƙewa cikin dare, su farka ba su ma san sun farka ba. Gari ya waye ba su huta ba. A aji sai gyangyaɗi, malami ya ce rago ne, a gida a ce malalaci ne. Alhali barcin kirki ne bai samu ba.

Akwai wata alama da nake so kowace uwa ta riƙe. Idan kika ga bayan wuyan yarinya ko hammatarta ya yi baƙi, fatar ta yi kauri da laushi kamar karammiski, kin sa soso kin dirje bai fita ba, to ba dauɗa ba ce. Sau da yawa alama ce ta cewa jiki ya fara wahala wajen sarrafa sukari, kuma hanyar ciwon suga ke nan in ba a tare ba. Yara nawa aka kira ƙazamai a kan wannan? Mai awon wuyan riga tana ganin sa sosai. Asibiti za a kai ta a gwada jini, ba man bilicin za a saya mata ba. Haka nan idan al'adar yarinya ta rikice, ta yi watanni ba ta gani ba, a kai ta a duba, don nauyi na iya kawo haka. Kada zargi ya riga bincike.

Kuma yaron da ya tashi da ƙiba mai yawa, galibi da ita yake shiga girma, ga hawan jini da ciwon suga suna jira a gaba. Mu da muke sayen maganin waɗannan cututtuka wa iyayenmu duk wata, mun san abin da suke ci a aljihu.

Wannan na jiki ke nan. Na zuciya ya fi shi ciwo, kuma shi ne ba a gani.

Ku tambayi 'ya'yanku sunayen da ake kiran masu jiki a makaranta. Lukuta, Giwa, Dorina, Buhu, Fanteka, Tanka. Wata har ta gama makaranta 'yan ajinsu ba su kira ta da sunan da ubanta ya yanka mata rago ba. Benci ɗaya ɗalibai 4 ko 5, in ta zo zama sai a ce ta cinye wuri. Ta tare Adaidaita Sahu, direba ya dube ta ya ce sai dai ta biya kuɗin mutum biyu, fasinjoji su kwashe da dariya. Duk wannan kafin ƙarfe 8 na safe fa.

Me yarinyar za ta yi? Sai ta koyi ɓuya. Ta koma bencin baya. Ta san amsar tambaya amma ba za ta ɗaga hannu ba, don kada a ce ta fito gaban allo ajin ya kalli bayanta. Muhawara, kacici-kacici, wasan kwaikwayo, duk ta janye. Ranar wasanni ta ce cikinta na ciwo. Lokacin tara ba za ta ci abinci a gaban mutane ba, don ko ruwa ta sha sai wani ya ce, "A haka ma ci kike?" Sai ta wuni da yunwa, ta dawo gida ta rufe ɗaki ta ci na safe da na rana a zama ɗaya. Kun ga gorin da aka yi don ta rage ci, shi ya ƙara mata ci. Daga nan sai fashin makaranta, yau ciwon kai, gobe ciwon mara. Ga jarrabawar WAEC da NECO da JAMB na tafe, su kuma ba ruwansu da dalilin fashi. Yarinya mai ƙwaƙwalwa sai ta fito da sakamakon da bai kai ta ba, mu ce ba ta da ƙoƙari.

Kada a ce na manta da maza. Yaro namiji mai jiki, in za a raba ƙwallo shi ne na ƙarshen ɗauka, in an ɗauke shi ma sai a ce ya tsaya a gola ya cike raga. Ba ya yarda ya cire riga a gaban abokai, don za a ce yana da nono. Namiji kuma an hana shi kuka, sai abin ya fito ta faɗa, ko ya zama shi ne ɗan ban dariyar aji, yana zagin kansa kafin a zage shi. Muna ganin yana dariya, mu ce ai shi bai damu ba.

A Islamiyya an karantar da mu cewa Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi. Ban ji malami ya ce an cire 'ya'yan cikinmu daga wannan hani ba. Magana zarar bunu ce. "Wa zai aure ki a haka?" kalma ce ta daƙiƙa ɗaya, amma yarinya na iya ɗaukar ta shekara ashirin.

Kuma ga haɗarin da ke biyo baya. Yarinyar da aka ishe ta da gori za ta nemi mafita a ɓoye. Wata ta daina cin abinci har ta faɗi a taron safe. Wata ta ci ta je ta sa yatsa ta amayar. Wata ta tara kuɗin tara ta sayi shayin rage ƙiba da ake talla a waya. Da yawa daga irin shayin nan gudawa da fitsari kawai suke sawa, ruwan jiki ne ke fita, kitsen na nan, ga jiri ga kasala. A ɗaya gefen kuma ga sha-ka-fashe, ƙwayoyin da 'yan mata sirara ke sha don su yi jiki, wani lokacin ma da sanin manya idan biki ya matso. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan an yi su ne don cututtuka irin su asma, likita ke bayarwa da ƙa'ida. In aka sha su barkatai, fuska ta kumbura, ciki ya fito, jini ya hau, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni. Ku dubi halin da muka sa 'yan matanmu: mai jiki ana ce mata ta rage, siririya ana ce mata ta ƙara. Wace ce a cikinsu aka ce wa, "Yadda kike ɗin nan ke mutum ce, lafiyarki muke so"?

To me ya kawo wannan ƙiba? Akwai gado, gaskiya ne. Akwai wasu cututtuka da magunguna da ke sa ta, shi ya sa ake zuwa asibiti. Amma jininmu bai canza ba daga zamanin iyayenmu zuwa yau. Zama ne ya canza.

Mu da ƙafa muka yi aike, muka ɗebo ruwa, muka yi surfe da daka. Da dare a fita dandali a yi gaɗa har a jiƙe, maza na langa da kokawa. Yaron yau fa? Adaidaita ta kai shi boko, ya zauna har ƙarfe 2. Ya zauna a lesin har la'asar. Ya zauna a Islamiyya har magariba. Ya dawo ya zauna da waya ko talabijin har dare ya raba. Makarantu masu zaman kansu da yawa a gidan haya suke, ba filin da za a yi ko tsere. Mu kuma saboda tsoron halin da gari ke ciki muna kulle su a gida, kuma ba a ga laifinmu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum, irin wanda zai sa shi gumi. Kowa ta lissafa na gidanta.

Sai abinci. Yaro ya fita ba kari, a ba shi kuɗi a hannu. A ƙofar makaranta me zai tarar? Lemon kwalba, biskit, alawa, fanke, cincin, soyayyen dankali. Ya dawo a dafa masa Indomie. 'Yan makarantar kwana kuma a cika musu akwati da sukari da madara da kwaki. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kaya suka yi tsada, abin da ke cika ciki da arha shi ne gari da mai da sukari. Shi ya sa yanzu ƙiba ba ta tambayar ko gidan masu kuɗi ne.

Wani amfanin da karatu ya yi mini shi ne ina juya kwalba in karanta bayanta. Ana rubuta yawan sukarin da ke ciki da giram. Giram 4 shi ne kamar cokalin shayi ɗaya. Robar lemo mai santilita 50, irin mai zaƙin nan, sukarin cikinta yakan haura cokali 10. Ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi, har ga babban mutum, abin da ya fi shi ne kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kamar cokali 6 a wuni. Wace uwa ce a nan za ta zuba wa ɗanta cokali 10 a kofin shayi? Babu. Amma a roba muna miƙa masa da hannunmu. Ko gwamnati ta lura da abin, shi ya sa a 2022 aka fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙin kamfani.

Yanzu sai magani. Na farko, a gyara baki. A kira yaro da sunansa. A hana 'yan uwansa tsokanarsa, a hana baƙi ma, ko gwaggo ce ko kawu, cikin ladabi. In za ki yi mata maganar nauyi, ki ja ta ɗaki ku biyu, ki fara da tambaya: "Yaya makaranta? Akwai mai damun ki?" Ki saurara kafin ki yi wa'azi.

Na biyu, kada a ware mata tukunya. Ba zai yiwu kowa na cin soyayyiyar taliya ita a tura mata ganye a gefe ba, wannan horo ne. Gidan gaba ɗaya zai gyara, kowa ya amfana, har maigida da hawan jininsa. Kuma ba sai mun sayi abincin Turawa ba, namu ya isa: tuwon dawa, na gero, na masara, miyar kuka, kuɓewa, taushe, kwaɗon zogale da na rama, faten wake, dambu, ɗanwake, alale. A ƙara ganye da wake, a ɗan rage malmalar tuwo da tulin shinkafa. Mai a auna shi da cokali, a daina tuttulawa daga galan. Yaro ya karya kafin ya fita, ko koko da ƙosai ne, sukari kaɗan. Ƙishirwa kuma ruwa ne maganinta. Lemon kwalba ya koma na ranar Sallah da biki, yadda muka san shi da.

Iyayenmu maza, ga taku. Tsarabar dare da kuke shigowa da ita, Allah ya saka da alheri, amma wani lokacin a canza leda. Maimakon lemon roba da biskit, a riƙo lemon ɓawo, ayaba, gwanda ko kankana. Kuma ranar da ba aiki, uba ya ɗauki ɗansa su taka da ƙafa. Hirar hanya ma magani ce.

Na uku, motsi. 'Ya mace ko a tsakar gida za ta yi tsallen igiya, ta yi gaɗa da ƙannenta. Ku fita tare bayan asuba ko da la'asar sakaliya ku zaga unguwa, ke ma gwiwarki za ta gode miki. Amma kada a tattara aikin gida duka a jibga wa mai jiki wai don ta rame, za ta gane horo ne. Na huɗu, barci: matashi na buƙatar awa 8 zuwa 10. A karɓi waya da dare, ta kowa da kowa, ba tata kaɗai ba.

Kuma kada a yi gaggawa. Yaron da ke kan girma ba a sa shi yunwa. Sau da yawa abin da ake nema shi ne nauyin ya tsaya wuri ɗaya, tsawo ya zo ya tarar da shi. Sannu ba ta hana zuwa.

Yanzu na zo wurin da ya fi wuya, don ya taɓa aljihunmu. Na san a zauren nan akwai waɗanda da cinikin lemo da biskit da fanke a ƙofar makaranta suke biyan kuɗin haya da na makarantar nasu 'ya'yan. Da rancen ƙungiyar nan ma wasu suka fara. Ba zan tsaya a nan in ce kowa ta zubar da jarinta ba, ni ma 'yar kasuwa ce. Amma tire namu ne, mu ke zaɓar abin da za mu ɗora a kai. Mai zoɓo da kunun aya, ki riƙa rage sukari kaɗan-kaɗan, ki ƙara citta da kanumfari da abarba, harshen yara zai saba, ke kuma kin rage kuɗin sukari. Mai tire, kusa da biskit ki ajiye ƙullin gyaɗa, aya, dabino, dafaffen ƙwai, gwaiba, yalo, karas, dafaffiyar masara in lokacinta ne. Yankakkiyar kankana a rufe ta da kyau saboda ƙuda. Mai awara da fanke, ki tsane mai sosai, kuma kada a yi ta maimaita shi har ya yi baƙi. Yaro da yunwa yake fitowa, abin da ya gani kusa kuma kuɗinsa ya kai, shi zai saya.

Mu masu yadi da teloli ma da namu. A rumfata ina ajiye manyan lambobi na ɗinkakkun kaya, don kada yarinya ta ji an ce "babu daidai ke". Ina awo a bayan labule, in rubuta a takarda, ba na faɗa da ƙarfi. Wannan bai rage mini ko naira ɗaya ba, sai ma ƙarin masu dawowa.

Hajiya Shugaba, ina da roƙo guda 4 ga ƙungiya. Na ɗaya, sau ɗaya a kowane zangon karatu a gayyato ma'aikaciyar lafiya ranar taronmu, ta auna nauyi da tsawo da jini da suga, mu da 'ya'yanmu, a keɓe, ba a bainar jama'a ba. Na biyu, a ware ɗan rance mai sauƙi ga mambobin da ke son ƙara kayan marmari a tirensu, mu haɗa kuɗi mu saro a 'Yan Lemo da Yankaba, don sarin taro ya fi arha. Na uku, duk wadda za ta je taron iyaye da malamai ta tashi ta yi magana a kan lokacin wasanni, har da na 'yan mata a wuri mai sutura, ta kuma nemi makaranta ta ɗauki tsokanar masu jiki a matsayin laifi, ko daga ɗalibi ta fito ko daga malami. Na huɗu, mu fara da kanmu. Ku dubi teburin nan na gabanmu ku ƙirga kiret nawa ne. Na ga Ma'aji na dariya, ita ta biya kuɗin. Baɗi in Allah ya kai mu, a ba mambobinmu masu zoɓo kwangilar, sukari kaɗan, kuɗin ya zauna a cikin gida.

'Ya'yana na baya, na ga kun yi shiru, to ga taku. Wadda take da jiki, da wanda yake da jiki, ku ji ni da kyau: ba ku yi laifin komai ba. Kujerar gaba taku ce kamar ta kowa. Ki ɗaga hannu, ki fita gaban allo, ki shiga muhawara. Kada ki sha wani abu don ki rame ko don ki yi ƙiba sai likita ya ce. In abu ya dame ki, ki gaya wa mamanki, in kin ji nauyinta ki zo wurin ɗaya daga cikinmu, ɗa na kowa ne. Ku kuma masu baƙin tsokana, ku sani abin da kuke kira wasa, wani da shi yake kwana yana kuka. In aka fara a aji, ko ba ka iya hanawa ba, kada ka taya dariya.

Iyayena da 'yan uwana, mun kafa ƙungiyar nan ne don 'ya'yanmu su yi karatun da wasunmu ba mu samu da wuri ba. Muna tashi da asuba, muna shan rana, muna zubin adashe, duk don su. To kada mu biya kuɗin makaranta da hannun dama, mu kore su daga aji da harshenmu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da lallashi, in an matsa karyewa yake.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba su lafiya da ilimi mai amfani. Allah ya sa albarka a kasuwancinmu, ya ƙara haɗa kanmu. Waɗanda muka fara tafiyar nan tare suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu da rahama. Allah ya maimaita mana, ya mai da kowa gidansa lafiya.